Rilwanu Mai Kafireta

A bakin kasuwar Gandi, ta gefen da ake sauke buhunan albasa, akwai wata tsohuwar bishiyar dogon yaro da ƙasar gindinta ta yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Nan Rilwanu ya yi shekaru yana gyaran mashin. Ba shi da shago. Abin da ya mallaka a wurin bai wuce benci ɗaya da akwatin kayan aiki da wani tsohon kwanon sha da yake wanke ƙananan ƙarafa a ciki ba.

Ɗan manoma ne, amma noma bai karɓe shi ba, domin ƙafarsa ta hagu ta ɗan shanye tun yana ƙarami. Kawunsa Almustapha, yayan mahaifiyarsa, shi ya ɗauke shi ya kai shi Rabah wajen wani bakanike, ya ce tunda ƙafa ta ƙi sai a gwada hannu. Da ya dawo Gandi ya iya facin taya da ɗaure ƙafar mashin da sauke inji kamar kowane bakanike, amma abin da ya sa sunansa ya zaga ƙauyuka shi ne kafireta, ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin tanki da inji, inda fetur da iska suke gauraya kafin su shiga wuta.

Ba ya taɓa kafireta sai inji ya yi zafi. Yakan sa mai mashin ya zaga kasuwa ya dawo, sannan ya kwance fulogi ya dubi bakinsa. In ya yi baƙi da toka, mai ya rinjayi iska, shi ya sa mashin ke hayaƙi yana shan fetur kamar ana zuba shi a rami. In ya yi fari kamar an goga masa alli, iska ce ta yi yawa, injin yana tari yana harbi ta salansa, yana kuma cin kansa a hankali. Shi launin soyayyar gyaɗa yake nema. Sai ya zauna a kan wani guntun itace ya miƙe ƙafar nan tasa, ya sa sukuddireba a sukurun iska, ya karkata kai. Ya murɗa kaɗan ya saurara, ya mayar kaɗan ya sake saurara, har ƙarar ta daina rawa ta tsaya wuri ɗaya. Daga nan ya koma kan ɗaya sukurun, na silo, wanda ke riƙe inji kada ya mutu in an saki totur, wato hannun ba da mai, ya yi ta sauke shi har mashin ya koma yana numfashi a hankali kamar mai barci. 'Yan kabu-kabu, masu haya da mashin, daga Rabah, har wasu daga wajen Goronyo, sukan jira ranar kasuwa don kawai ya taɓa musu wannan wurin.

Kusa da bencinsa wata mata mai suna Sa'adiyya take shimfiɗa buhu duk ranar kasuwa, tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Daga wani ƙauye take zuwa, gabas da gari. A shekaru ta isa ta haife shi, don haka Inna yake ce mata, ita kuma ta ce masa ɗana. In rana ta take takan jefa masa ƙuli-ƙuli a cinya, tana faɗa cewa warin fetur ɗinsa yana korar mata masu saye.

Haka abubuwa suke har shekarun da daji ya lalace da 'yan bindiga. Ƙarar mashin, wadda da take nufin baƙo ya zo ko an dawo daga kasuwa, ta koma abin da mata ke jin ta su saki taɓarya su suri yara. Mutanen ƙauye suka koyi saurare. In mashin ɗaya ne, a ci gaba da aiki. In ƙarar ta yi kauri, tana tari tana harbi daga nesa, kowa ya faɗa cikin gero. Sau da yawa wannan tarin na tsofaffin injuna shi ke ba mutane damar tsira.

A wata damina wani ɗan kabu-kabu mai suna Kamilu ya fara kawo wa Rilwanu mashinan da ba nasa ba. Rilwanu ya san shi tun suna samari, mutum ne mai fara'a da yawan surutu. Na farko ya ce na abokinsa ne, na biyu ya ce na surukinsa. Ba su da lamba. An ƙara musu katako a bayan kujera yadda za su ɗauki mutum uku, tayoyinsu kuma cike da wata jar laka da babu irinta a hanyoyin Gandi. In ya buɗe kafireta sai ya tarar da ruwa da tsaki kwance a ƙasa, alamar fetur ɗin da ya daɗe yana yawo a jarka. Rilwanu ya gyara biyun. Da aka kawo na uku sai ya ce wa Kamilu aiki ya yi masa yawa. Kamilu ya yi dariya ya tura mashin ɗin ya tafi.

A cikin kwanakin nan ne aka tare hanyar ƙauyen su Inna Sa'adiyya da rana tsaka, aka tafi da ita da wasu mata biyu suna dawowa daga kasuwa. Ranar kasuwar da ta biyo babu wanda ya shimfiɗa buhu a wurinta.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, Kamilu ya zo da nasa mashin ɗin, ya ce wani manomi ne mashin ya mace masa a hanyar gona da buhun taki a kai, yana roƙon a taimaka. Ya ambaci sunan manomin, mutum ne da Rilwanu ya sani. Rilwanu ya ɗauki 'yan kayan aiki a jaka ya hau baya.

Gero ya riga ya wuce tsayin mutum, hanya ta zama kamar lungu tsakanin katanga biyu. Sun wuce kwanar da ya kamata su shiga, Kamilu bai rage gudu ba. Rilwanu ya taɓa kafaɗarsa ya ce sun wuce. Kamilu bai waiwayo ba, surutun nan nasa duk ya ɗauke. Can da suka bar gonaki suka shiga sabara, ƙasa ta fara yin ja, sai ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Ka yi haƙuri. Cewa sunka yi ko in zo da kai, ko su zo su ɗauke ka gaban iyalinka."

Rilwanu ya dubi ƙasa tana gudu a ƙarƙashinsu. Mai ƙafa biyu lafiyayyu zai iya faɗawa cikin sabarar ya gwada sa'arsa. Shi sai ya ƙanƙame jakarsa yana karanta duk abin da ya zo bakinsa.

Inda suka tsaya wani kwari ne mai manyan itatuwa. An jera mashina a inuwa, ya fara ƙirga su da ido ya fasa. Akwai mutane zaune da bindigogi a cinya, wasu na shan shayi, wani na wankin riga. Babu wanda ya daka masa tsawa. Wani siriri mai baƙar riga, wanda da alama shi ne babbansu, ya taso ya ba shi hannu, ya tambaye shi gida da iyali kamar sun haɗu a masallaci. Ya ce sun ji daɗin biyun da ya gyara. Ya ce sauran duk tari suke yi, in an saki totur su mutu, in an ja su yi ta harbi, tun daga nesa ake sanin suna tafe. So yake su koma kamar waɗancan biyun.

Rilwanu ya nemi guntun itace ya zauna, aka turo na farko. Yana kwance kafireta wata shawara ta zo masa. Ya san yadda zai rage mai ya ƙara iska daidai gwargwadon da inji zai yi daɗin ji a nan inuwa, amma in an yi tafiya mai nisa a kai ya yi zafi ya kama. Ba wanda zai gani da ido. Yana cikin wannan tunani mai baƙar riga ya tsuguna kusa da shi yana kallon hannunsa.

"Mun san dogon yaron da kake zama," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mun san gidan da ke bayan injin niƙa, mai ƙyauren langa-langa. In ɗaya daga cikin waɗanga ya ba mu kunya a hanya, ba sai mun yi tambaya ba."

Ya tashi ya koma wajen shayinsa.

Rilwanu ya yi aikin yadda ya saba yi. Ya wanke kowace kafireta ya hure ƙofofinta, ya goge fulogi, ya sa a zaga da mashin ya yi zafi, ya karkata kai ya saurara. Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne wani lokaci da rana ta yi tsaka, da wani inji mai taurin kai ya daidaita a hannunsa bayan ya sha wuya, sai ya ji ɗan daɗin nan da yakan ji a gindin dogon yaro ya ratsa shi, kafin ya tuna inda yake.

Bayan azahar aka kawo masa gasasshen nama a kan ganye. Ya ce ya ƙoshi. Wanda ya kawo ya tsaya a kansa bai motsa ba, sai Rilwanu ya ɗauki tsoka ɗaya. Tana hannunsa, yana zaune a tsakiyarsu, ɗaya daga cikinsu ya dafa kafaɗarsa yana dariya kan wata magana, sai ga mata uku sun fito daga wajen rafi da jarkokin ruwa a ka, wani mai bindiga na biye da su. Ta tsakiyar Inna Sa'adiyya ce. Ta rame, babu takalmi a ƙafarta. Ta dube shi, ta dubi naman, ta dubi mashinan da ke jere suna numfashi a hankali, sannan ta mayar da ido ƙasa ta wuce.

Kafin rana ta faɗi Kamilu ya ajiye shi a bakin gari ya juya.

Matarsa Mashkura kaɗai ya faɗa wa. Ta saurara har ya gama, hannunta a kan baki, sannan ta ce ya je wajen Kawu Almustapha, tunda yana cikin dattawan da 'yan sa-kai, masu tsaron gari, suke jin maganarsu. Rilwanu ya tuna mata da wani mai burodi da aka ce an ga yana kai kaya daji, aka fita da shi bayan gari don a yi masa tambayoyi, har yau iyalinsa ba su ga ko hularsa ba. Shi wa zai yarda cewa dole aka yi masa? Ba a doke shi ba, ba a ɗaure shi ba, ya je da safe ya dawo da yamma.

Ya ci gaba da fita aiki don kada a ga canji. Ba a jima ba aka afka wa wani ƙauye a hanyar Goronyo da hantsi, aka kashe mutane a gonakinsu, aka kora shanu. Wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko masu rauni ya zauna a bencin Rilwanu yana ba da labari, mutane sun kewaye shi. Ya ce abin da ya ba kowa mamaki shi ne ba a ji zuwansu ba. Da can akan ji tari da harbin salansa tun suna bayan tudu, amma wannan karon sun gangaro a hankali, ƙarar kamar ta ƙudan zuma, sai ganinsu aka yi a bakin gona. Rilwanu yana riƙe da fulogin mutumin a hannu. Ya ce bari ya kewaya, ya je bayan rumfunan albasa ya yi amai.

Daga ranar barci da abinci suka rage masa. Kullum bayan salla yana roƙon Allah Ya kuɓutar da Inna Sa'adiyya, kuma kullum in ya shafa addu'ar sai gabansa ya faɗi, domin ya san ranar da ta dawo ita ce ranar da za a tambaye ta wa ta gani.

Gero ya fara nuna lokacin da labari ya zo cewa an sako ta, ita kaɗai, bayan mijinta ya sayar da abin da ya sayar. 'Yan kasuwa suka yi ta zuwa yi mata barka. Rashin zuwan Rilwanu, wanda kowa ya san ɗanta take ce masa, zai fi zuwansa jawo magana. Yana cikin wannan saƙe-saƙe Kawu Almustapha ya zo da kansa ya ce ya tashi su tafi tare, yana da tambayoyin da zai yi mata.

Suka same ta a zaure bisa tabarma, ƙafafunta shafe da magani, mijinta na gefe. Bayan gaisuwa da addu'a, Kawu ya gyara zama ya ce ta yi haƙuri da tambaya a irin wannan hali, amma kowa ya san mutanen can ba sa rayuwa sai da hannun na gari. Akwai masu kai musu mai, akwai masu kai labari, akwai masu yi musu aiki.

"Cikin waɗanda ka shiga suna fita, kin ga wata huskar da kika sani?"

Rilwanu yana zaune a bakin ƙofa. Inna Sa'adiyya ta dubi tabarma.

"Malam, wanda ke can ƙasa yake kallo," ta ce. "In ka ɗaga ido, duka na."

Kawu ya sake juya tambayar ta wata hanya, ta ba shi amsa iri ɗaya. Da suka tashi tafiya ta ce Rilwanu ya dakata ya duba musu mashin ɗin maigidan, ya daɗe a jingine. Kawu da mijin suka fita waje suna magana. Ta yafito shi ya matso.

Ta ce ta gan shi, ya san ta gan shi. Ta ce ta kuma ga yadda ya riƙe naman ya kasa kai shi baki, shi ya sa ta yi shiru. Amma ya sani, in aka ɗora mata Alƙur'ani ba za ta yi rantsuwar ƙarya ba. Sauran matan biyu ma sun gan shi, ɗaya daga cikinsu an kashe mata ƙane a harin nan na hantsi, kuma in Allah Ya so su ma suna tafe.

"Wannan ɗaya ke nan, ɗana. Na biyu, na ji su da kunnena. Sun ce in anka yanke gero za su ɗauko ka ka zauna can gaba ɗaya, sun gaji da aike. Ka kwashi ɗiyanka ka tashi."

Ya buɗe baki zai roƙi gafara, ta ɗaga hannu ta ce ya je, ta gaji.

A hanyar komawa shi ke tuƙi, Kawu na baya. Da suka kai wani fili inda ake hangen ko'ina, ya tsaya ya kashe mashin, ya faɗa wa kawunsa komai tun daga mashinan farko. Tsohon ya tsaya ya juya masa baya yana kallon gonaki. Da ya gama, Kawu ya tambaye shi ko akwai wanda ya sani ban da matarsa, ya ce sai Inna da matan nan. Kawu ya juyo ya dube shi.

"Ni na kai ka koyon aikin nan," ya ce. "In na ji wagga magana, wajibi na in kai ta gaba, kuma in ta kai gaba ba ni iya tare ta. Saboda haka ban ji ba tukuna. Sai jibi zan ji."

Washegari da la'asar wata motar albasa da za ta bi ta Wurno ta tsaya a bayan injin niƙa. Aka faɗa wa maƙwabta cewa mahaifiyar Mashkura ce ba lafiya. Suka hau da 'ya'yansu da katifa da tukwane da akwatin kayan aiki, suka bar benci da awaki. Kawu bai zo sallama ba. Daga baya suka ji cewa ya kai sunan Kamilu inda ya ce zai kai, amma da aka je gidansa an tarar ya riga ya gudu. Wasu sun ce ya koma daji, wasu sun ce mutanen dajin ne suka gama da shi. Da matan nan biyu suka dawo maganar Rilwanu ta fito, gari ya rabu, masu cewa tilas ce da masu cewa da ma da shi ake yi. Aka fasa ƙyauren gidansa, Kawu kuma ya daina zama cikin dattawa.

A Wurno wani ɗan'uwan Mashkura ya ba su ɗaki. Rilwanu bai sake kafa benci a bakin hanya ba. Ya gangara fadama wajen masu noman rani, inda injunan ban ruwa ke aiki daga safe har yamma a cikin albasa da tafarnuwa da shinkafa. Su ma suna da kafireta, su ma suna tari in mai da iska ba su daidaita ba, ga laka da ke toshe su. Kafin rani ya raba manoma sun san shi, suna aiko masa da kayan miya. In wani ya turo mashin yakan ce shi na ruwa kawai ya iya.

A rani na biyu wani mutum ya zo da injin ban ruwa ɗaure a bayan mashin, ya ce daga wajen Shinaka yake. Injin ba wani abin kirki ke damunsa ba, soson iska ne ya toshe. Mutumin ya zauna a kan kunya yana kallon aikin, yana hira kan tsadar taki. Can ya ce ya ji ana cigiyar wani bakanike mutumin Gandi, wai babu kamarsa a kafireta, ko ya taɓa jin labarinsa a nan? Rilwanu ya ce shi bai san mutanen Gandi ba. Mutumin ya gyaɗa kai, ya tambaye shi ko kullum a nan ake samunsa. Rilwanu ya ce wani lokaci. Da aka gama mutumin ya ɗaure injinsa ya yi godiya mai yawa, ya bi wata hanya daban da wadda ya biyo.

Mai yiwuwa manomi ne kawai mai son hira. Haka Rilwanu ya faɗa wa Mashkura da ya koma gida, ita kuma ta ce su wuce Sakkwato, ko gaba da nan, tun da sauran lokaci. Ya ce albasa ta kusa fita, mutane sun dogara da shi, in injunansu suka tsaya yanzu amfanin shekara ya tafi, a bari a cire tukuna. Ba ta yi musu ba. Amma tun daga ranar ta ɗaure kayansu a zannuwa ta jera a bayan ƙofa, tukunya ɗaya ta bari a waje, ta kuma hana yara zuwa kai masa abinci fadama.